Abin da ke faruwa in harbin leza ya samu babban molekil

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Daga nan Damagaram nake rubuto maka a kan ɗan guntun labarin nan da kuka saka a shafin ilimi, wanda yace masana a Turai da Amurka suna harba leza mai ƙarfi, wato haske mai tsanani da ake tattarawa siriri wuri ɗaya, a kan manyan molekil don su ga yadda suke tarwatsewa. Na san fili ne yayi muku kaɗan, amma yadda aka dunƙule labarin mutum zai ɗauka aikin walda ne kawai, an sa wuta abu ya narke shikenan. Haka ma naji samari suna fassara shi a fada, har wani yana cewa Nasara sun rasa yadda za suyi da kuɗi ne suke ƙona ƙurar da ido ma baya gani. Ni kuwa fizik da shimi nake koyarwa a lise, abin ya tsaya min a rai, shi yasa nace bari in roƙi fili in ɗan warware. Zafi yana ciki ba ƙarya, amma shi ne ƙaramin ɓangaren zancen. Babban abin shine cikin lokaci nawa aka zuba wa molekil ɗin ƙarfin, don ƙarfi iri ɗaya in ka bashi a hankali wani abu zai faru, in ka watsa masa shi gaba ɗaya wani abin daban zai faru.

Molekil dai atom ne da suka ɗaure da juna. Na ruwa atom 3 ne kacal, na sukarin da muke zubawa a shayi atom 45, shi kuwa hemoglobin da ke ɗaukar iska a jininmu ya haura atom dubu 9. Kowane atom yana da cibiya mai nauyi mai cajin +, da elektron marasa nauyi masu cajin − da ke kewaye da ita. Cibiyoyin nan tunda duk + ne basa ga maciji da juna, ture juna kawai suka sani, elektron ɗin da suke rabawa a tsakaninsu su ne ke riƙe da su. Kamar 'yan uba ne a babban gida, muddin tsoho na raye kowa na zaune ana cin tuwo kwano ɗaya, ranar da aka ce babu shi kowa ya kama gabansa. To leza mai ƙarfi tsohon take ɗaukewa. Amma zan zo wajen.

Shi haske ba malalowa yake kamar yadda ido ke gani ba, ɗiɗɗiga ɗiɗɗiga yake zuwa, kowace ɗaya ana ce mata foton, kuma launin hasken ne ke yanke ƙarfin kowace, Einstein ya bayyana wannan tun 1905. Akwai ma'aunin da ake auna wannan ɗan ƙarfin da shi, eV. Ɗaurin da ke tsakanin karbon da karbon yana buƙatar wajen eV 3.6 kafin ya tsinke. Foton ɗin hasken ultrabiyole da ke cikin rana yana iya kaiwa nan shi kaɗai, shi yasa bidon ruwa ko kujerar roba in ta shekara a ranar Damagaram zaka ga ta koɗe ta bushe kana taɓawa tana ɓarewa, dogayen sarƙoƙin molekil ɗin robar ne rana ta yi ta tsinkawa ɗaya bayan ɗaya, iska kuma tana taya ta. Amma lezar da aka fi aiki da ita a irin wannan bincike, wadda ake yi da dutsen safir mai titaniyom a ciki, haskenta yana can gefen ja ne, tsawon zangonsa, wato ma'aunin da ke nuna launin haske, nanomita 800 ne (nanomita kuwa ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya), foton ɗinta ɗaya eV 1.55 kawai gare shi. Wato ko rabin abin da ake buƙata bai kai ba. In da ɗaya ɗaya suke zuwa jefi-jefi kamar na fitilar gida ko shekara aka yi ana haskawa ba abin da zai tsinke.

Sai dai fa in sun zo tare. Wata Bajamushiya, Maria Goeppert-Mayer, ta lissafa a 1931 cewa atom zai iya haɗiye foton biyu lokaci guda ya haɗa ƙarfinsu, amma lokacin babu wata fitila a duniya da ke da cunkoson hasken da za a gwada, sai da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960 sannan a 1961 aka ga abin da ido a labo, shekara 30 tana jira. Yanzu ba biyu ba, foton biyar goma har fiye suna afka wa molekil ɗaya tare.

Ta yaya ake samun wannan cunkoso? Nan ne yarana a aji ke buɗe baki. Ba wai ana shan kuran mai yawa bane, lokacin ake matsewa. Harbi ɗaya yana iya ɗaukar milijul 1 kacal, wato ƙarfin da zai ɗaga abu mai nauyin giram 1 sama da santimita 10, ko ɗigon shayi bazai ɗumama maka ba. Amma ana sakinsa cikin femtosakan 30. Femtosakan kuwa ka raba sakan ɗaya gida miliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake rabawa gida miliyar. In kana son ka ji ƙanƙantarsa, yadda sakan ɗaya yake a gaban shekara miliyan 32 haka femtosakan yake a gaban sakan ɗaya, haske da ke cin kilomita 300,000 a sakan, a cikin femtosakan 100 ko kaurin gashin kai ɗaya baya gama ƙetarewa. To raba milijul 1 da femtosakan 30 ka gani, megawat dubu 33 ne, madatsar Kainji kuwa gaba ɗayanta megawat 760 aka gina ta ta bayar, kenan a cikin wannan ɗan ƙiftawar harbin ya ninka Kainji sau 40 da wani abu. Sannan a sa madubi a tattara shi a ɗigon da bai kai kan allura ba. Ranar tsakar rana tamu ta watan Afrilu da ke hana kowa fita tana zuba wajen wat 0.1 a kan kowane santimita murabba'i, a ɗigon nan kuwa ana samun wat 100,000,000,000,000, ɗaya da sifili 14.

Da can ba a iya kaiwa nan, don harbin da kansa yake fasa dutsen da ke ƙara masa ƙarfi. Gérard Mourou, Bafaranshe, da ɗalibarsa Donna Strickland 'yar Kanada su suka samo dabarar a 1985 a jami'ar Rochester ta Amurka, a fara miƙe harbin yayi tsawo yayi sanyi, a ƙara masa ƙarfi yana a miƙe, sannan a ƙarshe a sake dunƙule shi. An basu Nobel a 2018. Ita Strickland ita ce mace ta uku da ta samu Nobel na fizik, bayan Marie Curie a 1903 da ita waccan Goeppert-Mayer a 1963, kullum sai na faɗa wa 'yan matan ajina wannan saboda masu cewa seri C ba ta mata bace.

Molekil ɗin da masana suka fi son gwaji a kansa sunansa C60, atom 60 ne na karbon zalla da suka haɗu suka yi ƙwallo mai rami a ciki, zanensa sak na balan ɗin tamaula, faci 12 masu kusurwa biyar da faci 20 masu kusurwa shida, faɗinsa bai kai nanomita ɗaya ba. Abin dariya ma da leza aka gano shi, a 1985 a jami'ar Rice, Kroto da Curl da Smalley suna harbin girafit, irin baƙin da ke cikin fensir, sai suka ga wani abu mai atom 60 daidai yana ta fitowa fiye da saura, suka samu Nobel a 1996. Ana sonsa ne saboda babba ne amma ba shi da rikici, duk atom ɗinsa iri ɗaya kuma kowane zamansa irin na ɗan uwansa, in ya fashe lissafin gutsattsarin baya wahala.

To ga abin da ake gani. In harbin dogo ne, irin na nanosakan, wanda a wannan duniyar tasu dogon lokaci ne sosai don ya ninka femtosakan sau miliyan, molekil ɗin yana shan foton ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin na gaba ya iso ya riga ya rarraba ƙarfin na farkon a duk jikinsa. Wannan rarrabawar ita ce sirrin manyan molekil, kuma ita ce abin da na fi son masu karatu su riƙe. Molekil mai atom biyu hanya ɗaya tak yake da ita ta girgiza, in ka zuba masa ƙarfi duk a ɗaurin nan ɗaya zai taru ya tsinke. C60 kuwa hanyoyi 174 yake da su, lissafin ba wuya 60 sau 3 a cire 6, saboda haka ko ka bashi ƙarfin da ya isa ya tsinka ɗauri uku ko huɗu, in aka raba shi gida 174 kowane ɗan kaɗan zai samu, sai kawai ƙwallon yayi zafi yana rawa, ya zauna haka yana jira har a yi dace ƙarfin ya taru wuri guda. Wani lokacin sai bayan harbin ya wuce da jimawa, mikrosakan da yawa, kowane ɗaya nanosakan dubu ne, sannan zaka ga ya tofar da elektron ɗaya ko ya yar da wani yanki. Kuma yadda yake yarwa akwai ban sha'awa, ba ɗaya ɗaya yake sakin atom ba, bibbiyu yake saki, daga 60 ya koma 58, 56, 54, kowane karo yana ɗinke ramin ya sake zama ƙwallo ƙarami, haka har ya sauko wajen 32 sannan ya kasa riƙe kansa ya wargaje ya zama ƙananan sarƙoƙi da zobba. Wannan shine ɓangaren zafi, kuma ba baƙo bane a wurinmu, ɗan uwan abin da ake yi a matatun mai ne inda ake gasa manyan molekil na mai mai nauyi a zafin wajen digiri 500 tare da wani gari mai hanzarta aikin har su karye su zama ƙanana na esansi da gas. Duk wanda ya bi hanyar Tanut ya ga matatar SORAZ da aka buɗe a 2011, mai tace ganga dubu 20 a rana na man Agadem, ya san muna da ruwa da tsaki a ilimin fasa molekil ko bamu sani ba. Aibin hanyar zafi ɗaya ne, ba kai ke zaɓar inda za a karye ba, inda ya fi rauni nan ke fara tafiya.

In kuwa harbin gajere ne mai tsanani, labari ya sake gaba ɗaya. A nan ba a ma maganar ƙirga foton kuma, shi haske ai jan lantarki ne da ke juyawa gaba da baya, a irin wannan leza yana zagayowa duk femtosakan 2.7, kuma in tsananin ya kai inda na faɗa jan da hasken ke wa elektron yana kusan kai jan da cibiyarsa ke masa. Sai elektron ya sulale ta cikin shingen da ke tsare da shi ya fita, abin da a fizik ɗin Newton bazai taɓa yiwuwa ba amma a fizik ɗin kwantom, na ƙananan abubuwa irin su elektron, halal ne, wani Barashe Leonid Keldysh ya rubuta lissafinsa tun tsakiyar shekarun 1960. Bayan ya fita kuma jan ya juya, sai ya dawo da gudu ya daki gidan da ya fito ya fizgo wasu elektron ɗin, Paul Corkum na Kanada ya bayyana wannan dawowar a 1993. Duk wannan yana faruwa ne su cibiyoyin ko motsi basu yi ba, don atom ɗin karbon ya fi elektron nauyi wajen sau dubu 22, kafin ya ankara an gama kwashe masa masu riƙe shi. Sai a wayi gari ga cibiyoyi 60 duk masu + a cunkushe a wuri ɗaya ba mai shiga tsakani, sai su ture juna da ƙarfin tsiya kowa ya yi nasa waje. Ana kiran wannan fashewar Coulomb, da sunan Bafaranshen da ya auna dokar turewar caji a 1785, dokar nan dai da muke rubuta wa yara a allo suna hamma. Ba wuta ba hayaƙi, molekil ɗin ma bai samu lokacin yin zafi ba.

Amma C60 akwai taurin kai wallahi. An taɓa cire masa elektron har 12 a Kanada da harbi mai dogon zango kuma aka same shi a dunƙule bai fashe ba, ƙaramin molekil ko biyu uku ka cire masa ya tafi. A tsakanin waɗannan hali biyu kuma akwai inda ƙwallon ke kumbura yana motsewa kamar mai numfashi, duk zagaye ɗaya wajen femtosakan 70, ko hasken ya ja shi ya miƙe yayi tsawo, sannan ko ya lafa ko ya yage, ya danganta da tsananin harbin da tsawonsa. Nan ne aikin yake da wuya har gobe, elektron 240 ne ke cikin harkar ɗaurin C60 kuma kowane yana jin motsin kowane, babu kwamfutar da ke iya warware wannan lissafin daidai ba tare da an yi ƙiyasi an yanke wasu abubuwa ba, shi yasa dole a je a harba a gani, in lissafi da gwaji sun saɓa a san ƙiyasin ne ke da gyara.

Akwai wani buri da masana shimi suka ɗauka tun shekarun 1970, cewa tunda kowane ɗauri yana da launin hasken da yake amsawa, ai sai a saita leza a kan ɗaurin da ake so a yanke shi shi kaɗai a bar saura, a huta da gasa tukunya gaba ɗaya. Abin bai yi ba, saboda wannan rarrabawar da na faɗa, cikin kamar pikosakan ɗaya, wato femtosakan dubu, ƙarfin ya bazu ko'ina an koma gidan jiya. Sai da harbi ya zama ya fi bazuwar sauri sannan aka fara ganin haske. Wanda ya buɗe ƙofar kuma ɗan nahiyarmu ne, Ahmed Zewail na Masar, haifaffen Damanhur, yana aiki a jami'ar Caltech ta Amurka. Dabararsa harbi biyu ne, na farko ya tada molekil ɗin na biyu ya biyo baya ya leƙa halin da yake ciki, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba agogo ke aunata ba don babu agogon da zai iya, madubi ake ɗan matsarwa a ƙara wa harbi na biyu tsawon hanya, milimita 0.03 ya baka jinkirin femtosakan 100. A 1987 ya kalli yadda iyod ke rabuwa da sauran jikin wani ƙaramin molekil mai atom uku, ya auna abin ya ɗauki wajen femtosakan 200, karo na farko kenan da ɗan Adam ya bi tsinkewar ɗauri tana cikin faruwa. Ya karɓi Nobel na shimi a 1999 shi kaɗai, ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa. Bayansa a 1998 ƙungiyar Gustav Gerber a Würzburg ta Jamus suka haɗa leza da kwamfuta, ita kwamfutar ke ta sassauya siffar harbin tana duba gutsattsarin da suka fito tana gyarawa, har ta koyi siffar da ke ƙara yawan yankin da ake so. A ganina har yanzu almakashin nan bai kai inda aka yi mafarki ba, babu masana'antar da ta ajiye tukunya ta koma leza, amma an nuna ana iya karkata fashewar, ba kamar da ba.

Yanzu ga mai cewa to mu ina ruwanmu. Hujjata ta farko, fasa abu hanya ce ta sanin me ke cikinsa. Gutsattsarin nan tunda suna da caji ana iya tura su cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, mara nauyi ya riga isa mai nauyi ya biyo baya, daga lokacin isowar kowane a san nauyinsa, daga nauyin kuma a gane ko wane ne. Da irin wannan awo ake bambance maganin gaskiya da jabu, kuma kowa ya san yadda ƙwayoyin 'yan tebur da masu yawo da su a ka suka cika kasuwanninmu. Wani juyin kuma, saboda an fahimci yadda leza ke fasa furotin, wato manyan molekil na jikin mai rai irin su hemoglobin ɗin nan, sai aka koyi yadda za a hana ta fasawa. Koichi Tanaka a Japan da Karas da Hillenkamp a Jamus, a shekarun 1980, suka gano in ka cuɗa furotin da wani abu da zai sha harbin a madadinsa sai ya tashi sama lafiya lau a auna shi ɗungurungum, Tanaka ya samu rabon Nobel a 2002, kuma yau manyan asibitoci da wannan na'urar suke gane ƙwayar cutar da ke jikin mara lafiya cikin mintoci bayan ta tsiro, maimakon ƙarin kwana ana jira.

Ta biyu ita ta fi burge ni. Don a ga siffar furotin ana haska shi da hasken X, irin na hoton ƙashi amma mai tsanani nesa ba kusa ba, matsalar ita ce hasken da zai isa ya bada hoto ya isa ya tarwatsa furotin ɗin. A 2000 Richard Neutze da Janos Hajdu da abokansu a Uppsala ta Suwidin suka lissafa cewa in harbin ya gajarce ya koma 'yan femtosakan, hasken zai ratsa ya wuce da hoton kafin cibiyoyin su fara motsi, wato nauyin jikin nan nasu da na faɗa shine ribar, molekil ɗin zai fashe tabbas amma hoton ya riga ya fita. Aka gina manyan injuna saboda irin wannan, LCLS a Kalifoniya ta fara a 2009, European XFEL a Hamburg mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa ta fara a 2017 tana iya harbi 27,000 a sakan. Kuma ka san sabon furotin na farko da aka warware siffarsa ta wannan hanya, a ƙarshen 2012? Na ƙwayar Trypanosoma brucei ne, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, mai kawo ciwon barci ga mutane, danginta kuma ke sa wa shanu sammore. Ban ce an samu magani daga nan kai tsaye ba, amma mai neman magani sai ya san siffar abin da zai toshe tukuna. Cutar tamu ce ta Afirka, injin kuwa na can, ka ga wanda ke cewa ƙurar banza ake ƙonawa bai san shanunsa na cikin zancen ba.

Aikin ido ma haka ne. Lezar da ake gyara gani da ita mai nanomita 193 ce, foton ɗinta ɗaya ya haura eV 6, tana tsinka ɗaurin molekil na fatar gaban ido kai tsaye tana ɗebe siririn abu ba tare da ta dafa na kusa ba, ta femtosakan kuma ita ke yin yankan farko maimakon wuƙa. Asalin wannan ma tsautsayi ne, a labon Mourou a Michigan harbi ya samu wani ɗalibi a ido, likitan da ya duba shi yayi mamakin yadda tabon ya fita tsaf ba ɓarna a gefe. A nan zan ɗan ja kunnen iyaye, 'yan fitilun nan masu koren haske da ake sayar wa yara a kasuwa lokacin salla suna haska wa juna a fuska, ba irin waɗanda nake magana bane ko kusa amma wasunsu sun isa su lalata ido har abada, don Allah a karɓe.

Abin da ke min ciwo Malam Edita, har yau duk faɗin Afirka babu babban injin hasken X na bincike irin wanda ake kira sinkrotron ko ɗaya, Jodan ma ta buɗe nata mai suna SESAME a 2017 tare da maƙwabta, namu masanan sai dai su nemi biza su je Grenoble ta Faransa su yi layi, a can ma aka yi taron farko na neman gina na Afirka a 2015. Ba ina cewa gobe a gina irinsa a Zinder ba, mu da ruwan pampo da kuran ma suke mana wasan ɓuya. Amma ƙaramar leza ta koyarwa da madubai da na'urar raba launin haske ba su kai kuɗin babbar mota ɗaya ta ofis ba, kuma da su yaro zai ga da idonsa abin da muke zana masa da alli. Ƙasar nan ta taɓa haifar Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa nan kusa da mu, masanin fizik da ya ƙare rayuwarsa a kan hasken rana har jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, to ba a ce ƙwaƙwalwar ce babu ba.

Roƙona gare ku biyu ne. In irin wannan labari ya sake zuwa ku bashi ko da rabin shafi ne, kuma ku tura wakilinku na nan ya shiga Jami'ar André Salifou ya samu malaman fizik da shimi su fayyace shi da Hausa, ku sa zane ko ɗaya ne na ƙwallon C60 don mai karatu ya ga abin da ake faɗa. Sannan ku buɗe wani ɗan gurbi da ɗaliban lise za su riƙa aiko tambaya ana basu amsa, ni dai in kun buɗe akwai tambayoyin yaran ajina da na tara a kaye tun bara, zan fara aiko muku da su.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin lise, unguwar Birni, Damagaram